Buhu 150 muka yi tsammani, 120 muka samu: kashi nawa ne kuskurenmu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma mai bankin cimaka a wajen Tibiri. Kowane memba yana zuba wani kaso na abin da ya noma. Kafin girbi mun zaga gonaki, muka ƙiyasta cewa garuruwanmu uku za su tara gero buhu 150 a mangaza. Da aka gama tarawa sai muka ƙirga buhu 120. Ni na lissafa na ce kuskurenmu kashi 20 ne cikin ɗari, ma'aji ya ce a'a, 25 ne, har muka yi ta ja-in-ja a gaban taro. Wake kuma mun ce 40, sai aka samu 50, salula ta ba ni lamba mai alamar ɗebewa a gaba. Masu tallafa mana sun ce duk kuskuren da ya wuce kashi 10 sai mun yi bayaninsa a rahoto. Wa ke da gaskiya tsakanina da ma'aji, me alamar nan take nufi, kuma ta yaya za mu haɗa lissafin garuruwan uku? Allah ya ƙara sani."

Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Amin, Allah ya ƙara mana baki ɗaya. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: da wane adadi ake rabawa, me alamar ɗebewa ke faɗi, da yadda ake haɗa kuskuren wurare dabam-dabam. Zan ƙara ta huɗu wadda ba ka yi ba, don a wurina ta fi sauran nauyi: shin buhu 120 ɗin nan da kuka ƙirga, da gaske 120 ne? Na koyar da lissafi a kwaleji, daga baya na daɗe ina aikin ƙididdigar amfanin gona a ƙauyukan jahar nan, tsakanin Madarunfa, Gidan Rumji da Agye, kuma gardamar da kuka yi a gaban taro na sha jin irinta.

Ma'aji ne ya yi daidai. Idan abin da ake nema shi ne girman kuskuren ƙiyasi, amsa kashi 25 ce. Ka ɗauki ƙiyasi ka ɗebe abin da aka auna, ka raba saura da abin da aka auna, ka ninka da ɗari. Wato 150 a ɗebe 120, saura 30. A raba 30 da 120, a samu 0,25. A ninka da ɗari, 25. Kafin mu yi nisa: ina rubuta gutsuren lamba da waƙafi ne, dubbai kuma da ɗigo nake raba su, yadda muka koya a lakwal. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ɗigo suke sawa a gutsuren lamba, kuma salula da yawa ɗigon take karɓa, saboda haka a kula wajen dannawa.

Me ya sa ba a rabawa da ƙiyasi

Dalilin ba don littafi ya faɗa ba ne kawai. Abin da ke cikin mangaza ɗaya ne, amma ƙiyasi kowa da nasa. Mu ƙaddara mutum biyu ne suka zaga gonakinku. Na farko ya ce 150, na biyu ya ce 90, aka samu 120. Kowannensu ya kauce da buhu 30 cif, ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa. Idan aka raba da 120, su biyun kashi 25 ne, kuma adalcin ke nan, don ba wanda ya fi wani kusa. To amma bari kowa ya raba da nasa ƙiyasin. Mai 150 zai samu kashi 20, mai 90 zai samu 33 da ɗoriya. Ka ga an saka wa wanda ya zuzuta, an hukunta wanda ya yi taka-tsantsan, alhali tazararsu ɗaya. Ƙungiyar da ta saba rabawa da ƙiyasi tana koya wa masu zaga mata gonaki su riƙa ƙara lamba, ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Wannan ne ya sa nake tsayawa kai da fata a kan wannan ƙa'ida.

Kashi 20 ɗinka kuwa ba ɓatan lissafi ba ne, wata tambayar ce ka amsa. Kai ka faɗi yawan giɓin da aka samu daga abin da aka sa rai: mun sa ran 150, abin da ya shigo ya gaza da kashi 20. Wannan lissafi yana da wurinsa. Da shi ake duba kasafin kuɗi da alƙawarin da aka ɗauka, don a can tsarin da aka yi shi ne ma'auni. Ma'aji kuma ya faɗi yawan abin da idonku ya ƙara a kan gaskiya. Buhu 30 ɗin dai su ne, abin da aka jingina su da shi ne ya bambanta.

Dattawa a taronku za su tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake samu a dala goma, wato sefa 50, ya koma dala ashirin, wato sefa 100. Rediyo ta ce sefa ta faɗi da kashi 50. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga waje ya ce shi dai ninki biyu yake biya, wato ƙarin kashi 100. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, kowa da abin da ya sa a ƙasa ya raba da shi. Don haka lambar kashi ba ta tsayawa ita kaɗai. Duk wanda ya ce maka "kashi kaza", tambaye shi: na me?

Akwai hanyar gwada amsa wadda ba ta ɗaukar minti guda. Ka ɗora kashin da ka samu a kan abin da aka auna, ka ga ko zai mai da kai ga ƙiyasi. Kashi 25 na 120 shi ne 30, a tara, 150. Ya koma daidai. Kashi 20 na 120 shi ne 24, a tara, 144. Bai koma ba.

Alamar ɗebewa

Na wake: 40 a ɗebe 50, saura 10 ta ƙasa. A raba da 50, a ninka da ɗari, a samu kashi 20 mai alamar ɗebewa. Salularka lafiya lau take. Tana gaya maka ne cewa a wake kun rage, a gero kun ƙara. Littattafan makaranta da yawa suna cewa a jefar da alamar a rubuta girman kawai, kuma ɗalibin da ke gaban jarrabawa ya bi abin da malaminsa ya koya masa. A mangaza kuwa ba na son a jefar da ita, domin kuskuren sama da na ƙasa ba illa ɗaya suke yi ba. In kun rage ƙiyasin wake, abin da zai same ku shi ne buhunan zubawa su gaza, wuri ya yi kaɗan, a yi ɗan gudu-gudu a kasuwa. In kun ƙara ƙiyasin gero, kun yi wa iyalai alƙawarin cimakar da babu ita, kun kuma bar lokacin kaka ya wuce ba ku sayi ciko ba sa'ad da tiya take da araha. Ranar da giɓin zai bayyana ita ce tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau, mutane na tsakiyar noma. Kashi 25 ta sama a gero ya fi kashi 25 ta ƙasa ciwo nesa ba kusa ba.

Ga yadda zan so a rubuta a rahoto, da kalmomi, ba lamba tsirara ba: gero, an ƙiyasta buhu 150, an samu 120, ƙiyasi ya zarce da buhu 30, wato kashi 25 na abin da aka samu, wake, an ƙiyasta 40, an samu 50, ƙiyasi ya gaza da buhu 10, wato kashi 20 na abin da aka samu. Mai karatu ya ga buhuna, ya ga kashi, ya ga da me aka raba. Babu sauran abin gardama.

Haɗa garuruwa uku

Ba ka kawo mini adadin kowane gari ba, don haka zan ƙirƙiro misali wanda jimillarsa ta yi daidai da taku. Gari na farko an ce 90 aka samu 80, kuskure kashi 12,5. Na biyu an ce 45 aka samu 30, kashi 50. Na uku an ce 15 aka samu 10, shi ma kashi 50. Abin da hannu ke saurin yi shi ne a tara 12,5 da 50 da 50 a raba uku, a samu 37,5. Wannan ba kuskuren ƙungiya ba ne. Ya ba garin buhu 10 murya daidai da garin buhu 80. Kuskuren ƙungiya ana samun sa ne ta tara ƙiyasi duka, a tara awo duka, sannan a yi lissafi sau ɗaya: 150 da 120, kashi 25.

Sai dai jimilla tana da nata makanta. Ɗauki garuruwa biyu, kowanne ya kawo 60. A ɗaya an ce 80, a ɗayan an ce 40. Jimillar ƙiyasi 120, jimillar awo 120, kuskure sifili. Wanda ya ga rahoton zai ce masu ƙiyasin nan gwanaye ne, alhali a kowane gari sun kauce da kashi ɗaya cikin uku, kuskuren wancan ne ya rufe na wannan. Shi ya sa nake ba da shawarar a fitar da lamba biyu. Ta farko ita ce ta jimilla da alamarta, tana nuna ɓangaren da idonku ya karkata. Ta biyu kuma a tara tazarar kowane gari ba tare da kula da alama ba, 20 da 20 arba'in, a raba da jimillar awo 120, a samu kashi 33. Ita ce ke nuna yadda ƙiyasinku ke warwatsuwa. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne: karkata ana gyara ta da lissafi, warwatsuwa sai da ƙarin awo a gona. Kada kuma a tara buhunan gero da na wake a fitar da kashi ɗaya. Ƙarin da kuka yi a gero zai haɗiye ragin da kuka yi a wake, a rasa labarin duka biyun.

Inda kashi ke yaudara

Ƙaramin adadi yana kumbura kashi. Riɗi buhu 3 aka ce, aka samu 2, kuskure kashi 50, amma buhu ɗaya ne tal. Idan kuwa ba a samu komai ba, kamar gonar bakin Gulbi da ruwa ya shanye, lissafin ya tsaya, domin ba a raba abu da sifili. A nan sai a rubuta buhunan da aka yi tsammani da dalilin rasa su, a bar gurbin kashi babu komai.

Babban adadi kuma yana ɓoye abu mai yawa a bayan ƙaramin kashi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba Nijar mutum 17.138.707. Wanda ya ce miliyan 17 kuskurensa bai kai kashi ɗaya ba, 0,8 ne. Amma mutanen da ya bari a waje sun haura dubu 138, fiye da rabin mutanen da aka ƙirga a birnin Maradi a wannan ƙidayar, su 267.249. Haka yake a canji. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne tun 1999. Mai saurin lissafi da ya ɗauke shi 650 ya kauce da kashi 0,9 kawai, amma a kan Yuro dubu goma kusan jika sittin ke nan, wato sefa dubu sittin.

Sai wurin da abin da ake ƙiyastawa shi kansa kashi ne. An ce irin geron nan kashi 90 zai tsira. Kuka ƙirga ƙwaya ɗari kuka shuka a jiƙaƙƙen rairayi, 75 suka fito. Tazara maki 15 ce. Kuskuren ƙiyasi kuwa 15 a raba da 75, kashi 20. Duka biyun ana iya faɗi, amma a faɗi wanne ake nufi.

Shin 120 ɗin 120 ne?

Lissafin nan duka yana tsaye ne a kan zaton cewa lambar da muka sa a ƙasa gaskiya ce. A aji malami ne ke ba ɗalibi ita a rubuce. A mangaza kuwa mu ne ke samo ta, kuma sau da yawa abin da muke kira awo wani ƙiyasin ne da bai amsa sunansa ba.

Ka ce kun ƙirga buhu. Ƙirga buhu dabam, auna gero dabam. Mun saba cewa buhu kilo ɗari ne, tiya arba'in, kowace tiya wajen kilo biyu da rabi. Amma buhun da aka cika a ƙauye aka ɗinke ba a ɗora shi a sikeli ba yana iya zama 95, yana iya zama 104. In buhunanku 95 ne, abin da ke mangaza kilo 11.400 ne, ba 12.000 ba. Ƙiyasinku na 150 kuwa buhun kilo ɗari kuke nufi, wato 15.000. Tazara ta zama 3.600, a raba da 11.400, kuskure ya tashi daga 25 ya koma kusan 32. Ba a taɓa ƙiyasin ba, lambar ƙasa kawai aka gyara.

Tiya ma haka. Ta wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba, hannun mai awo yana ƙara tozo ko ya rage, kuma nauyin tiyar gero ba shi ne na tiyar gyaɗa ba. Tiyar da ke ɗaukar kilo 2,7 in aka lissafa ta 2,5, kowane tiya arba'in kilo 108 ne aka rubuta 100. Dami ya fi su duka rashin tabbas, don ɗaurin wani gida ya kusa biyun na wani, kuma a shekarar da murzuna ta ci zangarniya damin yana nan da girmansa, ƙwayar ce babu. In an yi ƙiyasi da dami aka yi awo da buhu, to akwai ƙiyasi na uku a tsakani, wato tiya nawa dami ke bayarwa, kuma shi ba wanda ke rubuta shi. Faɗin gona ma a bincika. In manomi ya ce eka, a tambaye shi wace: hekta murabba'in mita 10.000 ce, ekar da aka sani a Najeriya kuwa wajen 4.047, bai kai rabi ba.

Akwai kuma laima, kuma ina so ku riƙe wannan saboda mai tsaron mangaza. Hatsin da ya shigo da laima kashi 18 ya bushe ya koma 12, kowane kilo ɗari zai koma wajen 93. A buhu 120 wannan ya kai nauyin buhu takwas, ba ɓera, ba ɓarawo. Geronmu yakan bushe a dami kafin sussuka, don haka bai cika kaiwa haka ba, amma a wake da gyaɗa da masarar fadama ana gani sosai. Na ga inda aka zargi bawan Allah da cin amana a kan nauyin da rana ce ta ɗauke shi, kuma irin wannan zargi a ƙauye ba ya wankuwa da wuri. A rubuta ranar da aka yi awo, a kuma kwatanta busasshe da busasshe.

Sikelin kansa a gwada shi kafin a yarda da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A auna jarka babu komai, a zuba mata lita goma da ma'aunin da aka tabbatar, a ga ko ta ƙaru da kilo goma. Buhun siminti da ba a buɗe ba, mai kilo 50, shi ma yana taimakawa wajen gwada babban sikeli. Tunda awon namu yana da wannan sassauci, babu amfanin rubuta 31,578 don salula ta nuna haka. A ce wajen 32 ya wadatar, kuma ya fi gaskiya.

Batun kashi 10

Babu wata lamba guda da lissafi ya yanke cewa daga nan kuskure ya yi yawa. Mai auna maganin jariri da mai ƙiyasin gero a tsaye ba mizani ɗaya ake yi musu ba. Kashi 10 sharaɗi ne na masu tallafa muku, kuma suna da ikon sa shi. Abin da zan ce ku yi shi ne ku nemi su rubuta muku da wane adadi suke rabawa. A bana bai canza komai ba, 20 da 25 duk sun wuce. Amma wata shekara za ku ce 110 a samu 99: in an raba da ƙiyasi kashi 10 ne cif, in an raba da awo 11 ne da ɗoriya, kuma a nan ne za a yi rigima in ba a daidaita tun yanzu ba. A ganina, ƙiyasin ido kaɗai a kan geron da bai nuna ba zai yi wuya ya riƙa faɗawa cikin kashi 10 kowace shekara, kuma babu laifi ku gaya musu haka. Ƙiyasin watan Agusta, gero na fitar da kai, ba a haɗa shi da na mako biyu kafin girbi. Tsakaninsu akwai ɗaukewar ruwa da wuri, akwai tsuntsu, akwai murzuna. Kuskuren da ya zo daga abin da ya faru bayan an yi ƙiyasi ba laifin ido ba ne, kuma bayanin da rahoto ke bukata ke nan.

Yadda za a rage shi baɗi

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ni ban raina idon manomi ba. Tsohon da ya shekara yana noma gonarsa yakan faɗi damin da za ta ba shi ya kusa. Abin da ido ke bukata shi ne a riƙa gaya masa inda ya kauce.

Hanyar da muke bi a aikin ƙididdiga ita ce yankan murabba'i. A ja igiya mita goma ta kowane gefe, a tabbatar kusurwa zuwa kusurwa ta ba da mita 14 da ɗan ƙari, a girbe abin da ke ciki kaɗai, a shanya, a sussuka, a sheƙe, a auna. A ninka da ɗari, an samu na hekta. Kilo 4,6 a murabba'i yana nufin kilo 460 a hekta. Abu biyu ke ɓata wannan aiki, kuma duka biyun sama suke tura lamba. Na farko zaɓen wuri: ƙafa da kanta take kai mutum inda gero ya yi kyau, gindin gawo ko inda aka zuba taki. Saboda haka a fitar da wurin da ƙuri'a, a ce taku kaza daga kusurwar gona, duk inda ya faɗa nan ne, ko da kan ƙuduji ne. Na biyu gindin da ya faɗo a kan igiya: hannu yana son ya jawo shi ciki. A yanke tun farko cewa na gefe biyu ana ɗauka, na sauran gefe biyun ana bari. Murabba'i ɗaya kuma ba ya wakiltar gari. A yi da dama, a gonar jigawa da ta fadama, ta mai hali da ta marar hali. In wannan ya yi muku nauyi, ga mai sauƙi: bayan girbi a ɗauki dami biyar daga gidaje dabam-dabam a kowane gari, a sussuka, a ga tiya nawa suka bayar a bana, da shi za a juya damin kowa zuwa buhu.

A duba kuma wa ke yin ƙiyasin da abin da zai samu a ciki. Mai neman bashi bakinsa yakan hau, mai jiran taimako bakinsa yakan sauka. Ba sai mutum ya yi niyyar ƙarya ba, bukata ce ke jan lamba. Wannan matsala tsohuwa ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Khaibar ya ƙiyasta dabino tun yana bisa itace. In ya faɗi adadi sai ya ba mutanen wurin zaɓi, ko su riƙe amfanin su biya rabo a kan wannan adadin, ko shi ya riƙe ya ba su nasu a kansa. Mai ƙiyasin da ya yarda a ɗaure shi da lambarsa ta kowane ɓangare ba shi da dalilin karkata ta. A ƙungiya, abin da ya fi kusa da haka shi ne mutum biyu su yi ƙiyasi kowa shi kaɗai, ɗaya daga garin, ɗaya daga wani gari, a rubuta kafin su ji na juna.

Sannan a buɗe shafi a littafin ƙungiya wanda ba a yagewa: shekara, gari, wanda ya yi ƙiyasi, ranar da ya yi, abin da ya ce, abin da aka auna, tazara da alamarta. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, don bana tana iya zama shekarar da ruwa ya yanke. Amma in aka yi shekara uku ko huɗu alamar tana fitowa ɓangare ɗaya, to karkata ce, kuma ana iya cire ta. A nan akwai tarko. Wanda ya saba zarcewa da kashi 25, ba a gyara lambarsa da ɗebe kashi 25. In ka ɗebe kashi 25 daga 150 za ka samu 112 da rabi, ka wuce ƙasa. Rabawa ake yi da 1,25, sai 150 ta koma 120. Wanda ya saba gazawa da kashi 20, kamar yadda aka yi a wake, a raba tasa da 0,8, sai 40 ta koma 50.

Ban ga mangazarku ba, ban ga gonakin ba, don haka ba zan iya ce maka ga takamaiman abin da ya cinye buhu 30 ɗin nan ba, ko ido ne ya zuzuta, ko damina ce ta gaza a ƙarshe, ko wasu membobi ne ba su gama zubawa ba. Wannan na ƙarshen a fara bincika shi, don in akwai kason da bai shigo ba tukuna, 120 ba ita ce lambar ƙarshe ba. Bayan haka, kafin ku aika rahoto, kai da ma'aji ku ciro buhu goma daga wurare dabam-dabam na mangaza, sama da ƙasa, gaba da baya, ku ɗora su a sikelin da kuka gwada. In nauyinsu ya tsaya kusa da kilo ɗari, ku rubuta 25. In ya kauce da kilo uku ko fiye, ku juya lissafin duka zuwa kilo, ku sake rabawa, ku kuma rubuta a ƙasan shafin yadda kuka auna.